Tsakanin Sha Biyu da Ƙarfe Uku

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciya, har da sunayen wasu da muka kwana ɗaki ɗaya a jami'a, amma akwai wata bazara guda da na tabbata da ita za a binne ni. Ita ce bazarar da na rataya jakar takardu na shiga ƙauyukan Agiye da Gazawa ina binciken ƙiyayya a makarantu, har na kusa raba wata yarinya da karatunta saboda tsabar son in taimake ta.

Lokacin an gama babban taron ƙasa na Nijar, ba a kai ga zaɓe ba tukuna. Wanda ya ga shekarun nan ya san yadda baki ya buɗe. Mutanen da jiya ko tari ba sa iya yi a gaban mai kaki, yau kowa da jam'iyyarsa, kowa da ƙungiyarsa, kowa da abin da zai faɗa. Mu 'yan jami'a kuwa gani muke mu muka kawo wannan duka, shi ya sa kafaɗunmu ba sa sauka. Karatu ya tsaya saboda yajin aiki, na dawo gida Cadawa ina zaman kashe wando, ina damun mahaifina da kalmomin Faransanci a bakin akushi. Shi dai sai ya dube ni ya ce, "To, Allah shi kyauta," ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ana cikin haka wata 'yar ƙaramar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a Maradi ta nemi matasan da za su yi mata aiki. Dalili kuwa, a kakar da ta wuce an yi mummunan rikici tsakanin manoma da makiyaya can yamma, wajen Gidan Rumji, an rasa rayuka, labarin ya karaɗe ko'ina. Ko a garuruwan da ba a zubar da jini ba, gaisuwa ta yi sanyi tsakanin Bahaushe da Bafulatani. Shugabannin ƙungiyar suna tsoron kada wutar ta shiga lakol, wato makarantar boko, musamman ƙananan makarantun ƙauye da ba mai leƙa su. Suka ba ni takardun tambayoyi da aka buga da keken rubutu, da wasiƙa mai hatimi, suka ce in je in gano ko ana cutar da wani yaro saboda asalinsa. Na ari keken kawuna, na ɗaura jaka a baya, ina ji kamar ni kaɗai aka ɗora wa gyaran ƙasar.

Bari in faɗa muku yadda nake aikin, don ku yi dariyar da ni ma nake yi wa kaina yanzu. Ƙarfe takwas na safe nake isa makaranta. In gaisa da darakta, wato shugaban makarantar, in nuna masa hatimi, ya kai ni aji. Yara su miƙe su rera gaisuwa. Sai in tsaya gaban allo, mushensu, wato malaminsu, na gefe da bulalarsa a hammata, in ce da Faransanci sannan in maimaita da Hausa: "Akwai wanda aka taɓa duka ko zagi a cikinku saboda ƙabilarsa? Ya ɗaga hannu." Tsit. Wani ya sosa kai, wata ta sunkuya. In rubuta "babu" da kyakkyawan rubutu. Sha biyu na yi a buga ƙarfen tashi, in bi darakta gidansa, a kawo fura ko shinkafa da wake, in ci in yi nak, in miƙe ƙafa a zaure har rana ta yi sanyi, sannan in hau keke sai gari na gaba. Haka na bi makarantu da dama ina tara "babu", har na fara tsara yadda zan yi wa ƙungiya albishir cewa yaranmu lafiya lau suke.

Sai na iso wani ƙauye da ke gaba da Gangara, a bakin fadama. Da damina ruwa ke zagaye shi har maƙwabta na yi musu tsiya suna kiransu mutanen tsibiri, da rani kuwa yashi ke kama ƙafar keke sai ka sauka ka tura. Makarantar aji biyu ce, ɗaya na ƙasa ɗaya na kara, kuma darakta da kansa ke koyar da manyan. Mutum ne mai sanyin hali, ya haura arba'in, rigarsa ɗaya tal mai kyau amma kullum a goge. A cikin ɗalibansa akwai yaran Fulani biyar daga wata ruga mai tafiyar fiye da awa guda. Ya ba ni labarin yadda suka shigo: shekarun baya da hukuma ta ce kowane gari ya ba da yara, mutanen gari suka ɓoye nasu a rumbu da gonaki, aka cike gurbin da 'ya'yan Fulani tunda su ba su da mai tsaya musu. Abin da aka yi don a cuce su, sai ga shi babbar cikinsu ta fi kowa a makarantar.

Yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu ko sha uku, siririya, ba ta ɗaga ido. Darakta ya sa ta tashi ta warware wani lissafi a allo don in gani, ta warware shi kafin ni in gama karanta tambayar. Ya ce mini cikin raɗa, fuskarsa fal da murna, "Ƙane, tun da anka buɗe lakol ɗin ga ba mu taɓa samun ɗiya mace da ta ci sartifika ba. Wagga ce za ta hwara, in Allah ya yarda." Jarrabawar ta kammala firamare ce, saura 'yan makonni. Na yi tambayata da na saba, ita ma ba ta ɗaga hannu ba, na rubuta "babu", muka tafi cin abinci.

Da ban manta wasiƙata mai hatimi a kan teburin aji ba, da haka zan bar garin. Bayan na cika ciki ina lalube a jaka sai na ga babu ita. Gabana ya faɗi, domin in babu hatimin nan ni ba kowa ba ne. Na bar darakta yana gyangyaɗi, na fito cikin ranar da ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, na nufi makaranta. Wajen ƙarfe ɗaya ne.

Tun daga nesa na jiyo shewa a bayan ajin kara, wajen wata aduwa. Na zagaya. Yaran gari bakwai ko takwas sun yi da'ira. A tsakiya yarinyar nan ce, an ɗaura mata igiyar akuya a ƙafa an ɗaure a turke. An zube mata harawa a gaba. Wani ƙaton yaro, wanda da safe na gan shi a bencin baya, yana riƙe da sanda yana cewa, "Ci mana! Ba ku ne kuka ci gonakin mutane ba? Yi kukan shanu mu ji!" An juye gorar furarta a ƙasa, littafinta na rubutu yana yashe an tattaka. Ƙananan huɗun suna rakuɓe jikin kara, hawaye na zuba amma ba mai sauti. Ita kuwa tana zaune, ta kafa ido a ƙasa, ko motsi ba ta yi.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. Yaran suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Na durƙusa ina kwance igiyar, sai na ga wurin da take zama a ƙafarta ya riga ya yi baƙin tabo, tsohon tabo, ba na yau ba. Na ce, "Tun yaushe ake miki haka?" Na sake tambaya. Can ta ce, "Tun da kaka." Daga nan ta ɗago ido karo na farko ta dube ni ta ce, "Mushe, don Allah kada ka hwaɗi."

A nan ne na gane wautar aikina. Makarantun ƙauye a wancan lokacin sha biyu ake tashi, a dawo ƙarfe uku. Malamai su tafi gida, yaran gari su tafi gida. Yaran ruga ba za su iya zuwa su dawo ba, sai su zauna awa uku a gindin itace, ba babba ko ɗaya a kusa. Yaran gari kuwa su yi sauri su ci abinci su dawo da wuri, don wannan. Duk abin da aka aiko ni nema a cikin awa ukun nan yake faruwa, ni kuma a daidai lokacin nake sharar barci a zauren darakta.

Da na tsaya a nan na yi tunani, da na tsira da kuskure ɗaya. Amma ina, jinin ƙuruciya ya hau. Na koma na tashe darakta na zayyana masa. Bawan Allah ya dafe kai, ya daɗe yana salati, na kuma yarda har yau cewa bai sani ba. Ya ce, "Ƙane, mu bi abin ga a hankali. Bari in hwara ganin mai gari mu biyu." Na ce masa zamanin ɓoye-ɓoye ya wuce, yanzu dimokuraɗiyya ake, gaskiya a fili ake faɗinta. Har na yi masa gugar zana cewa irin tsoronsu ne ya sa soja suka daɗe a kanmu. Roƙon da yarinyar ta yi mini kuwa, ko tuna shi ban yi ba, domin a ganina na fi ta sanin abin da zai amfane ta.

Washegari da hantsi na sa aka tara iyaye a ƙofar mai gari, aka aika ruga aka kira mahaifinta. Ya zo, dogon mutum mai rawani, ya zauna can gefe ya ɗora sandarsa a kan gwiwa. Na miƙe da takarda a hannu kamar ina taron ɗalibai. Na kira sunan yarinyar, na kira sunan ubanta, na kira sunan ƙaton yaron da na ubansa. Ban bar komai ba: igiya, turke, harawa, kukan shanu. Don kada a ce ƙarya nake, na sa aka fito da ita tsakiyar maza na ce ta nuna ƙafarta. Wallahi ina rubuta wannan ina jin kunya kamar jiya aka yi.

Wuri ya kaure. Uban yaron ya zabura yana nuna ni da yatsa: "Kai wace jam'iyya ta aiko ka ka ɓata muna suna? Wasan yara ne za ka tara gari a kai?" Wasu suka goya masa baya, wasu suka hau tuno gonar da shanu suka shiga shekara uku da suka wuce. Mai gari na ta cewa a yi haƙuri ba mai jin sa. Da hayaniya ta lafa sai mahaifin yarinyar ya miƙe, ya ce, "Na ji. Ku gahwarce ni," ya kama hannun 'yarsa suka tafi. Washegari ba yaron ruga ko ɗaya a makaranta. Haka jibi, haka gata.

Darakta bai ce mini "na faɗa maka" ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya dai sanar da ni cewa ranar kasuwar Gangara mai hoto zai zo, a nan ake ɗaukar 'yan jarrabawa hoton da za a manna a takardunsu kafin a aika Agiye. Wanda ba a ɗauka ba, babu shi babu jarrabawar bana. Saura kwana huɗu.

Na tura kekena cikin yashi har rugar. Mahaifinta ya karɓe ni da mutuncin da ya fi mari zafi. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono mai sanyi a ƙwarya, ya tambayi gajiyata da ta iyayena. Na shiga yi masa bayanin haƙƙin yara da amfanin karatu. Ya bari sai da na ƙare sannan ya ce, a hankali, "Malam, igiyar da yara suka ɗaura mata, yara ne suka gani. Wadda kai ka ɗaura mata, gari duka ya gani. Ni da wace huska zan sake aika ta?" Na ce ai don a daina ne na yi. Ya ce, "Ka san abin da ya sa ba ta hwaɗa mini ba, wata da watanni? Ta san in na ji zan cire ta. Lakol ɗin take so."

Yarinya ta haɗiye wulaƙanci tun kaka har bazara don kada a raba ta da aji, ni kuma na zo da hatimina na rushe mata shi cikin awa guda. Na girma tare da Fulani, na san yadda suke da kunya, na san Bafulatani ya gwammace ciwo ya cinye shi da a ji kukansa a bainar jama'a. Na sani sarai, karatun jami'a ne ya sa na ɗauka wannan duk tsohon yayi ne. Na taso jiki a mace, ban ko ga yarinyar ba.

Da na dawo gari na zube a kan wani kututture kusa da wata tsohuwa mai tuyar waina a bakin hanyar makaranta. Kowa Iya yake ce mata. Ita ce kakar ƙaton yaron nan, uwar mutumin da ya zage ni a ƙofar mai gari, saboda haka ban so ma mu haɗa ido ba. Ita ta fara magana.

"Kai ɗan lakol, mai tara gari, yau ina takardar?"

Na ce, "Iya, ki bar ni da abin da ke damuna."

"Ai ba kai ɗaya shi ka damu ba. Matso nan." Ta zuba mini waina uku a faranti ba tare da na nema ba. "An ce tambayoyi gare ka cike da jaka. Guda ce ba ka yi ba. Ɗiyan ga na ruga, ina suke sauka?"

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Masauki nake nuhi. Wanda ya zo cin kasuwa da jaki, shina da gidan da yake ɗaure jakinshi. Mai tallan nono tana da gidan da take aje ƙwarya ta sha ruwa. Ko mahaukaci ya shigo garin ga, kahin dare an san zauren da ya sauka. In an taɓa baƙo, mai masaukinshi anka taɓa, shi za ya tashi. To ɗiyan ga shekara biyar suna shigowa garin ga kullum, gidan wa suke? Gidan aduwa?"

Abin da ta faɗa ba sabon abu ba ne, a gidanmu na Cadawa ma akwai Bafulatanar da ke sauke ƙwarya tun ina yaro, kuma na san da wani zai zage ta a ƙofarmu da mahaifina ba zai kwana bai bi kadi ba. Amma ban taɓa haɗa wannan da makaranta ba, domin a kaina lakol abin gwamnati ne, ba ruwansa da al'adar gari. Mutanen garin ma haka suka ɗauka, shi ya sa ba wanda ya ga yaran a matsayin baƙin kowa.

Iya ta juya wainarta ta ci gaba, muryarta ta sauka. Ta ce uwar yarinyar a gidanta take sauke ƙwarya tun tana amarya, sai bayan rikicin kaka ta daina zuwa. "Ni kau ban aika na tambayi lahiya ba. Na yi shiru kamar kowa. Jikana kuma a gidana ya ji maganganun da ya kai bakin aduwa, ba daga sama ya ɗauko su ba." Ta share fuska da gefen zane ta ce, "Gobe da sahe za ka raka ni. Amma bakinka ka bar shi nan gari."

Haka aka yi. Tsohuwa da sandarta a gaba, ƙullin goro a kai, ni a baya ina binta kamar ɗan rakiyar amarya. Da muka isa ba ta nufi maigidan ba, bukkar matarsa ta shige kai tsaye tana sallama da ƙarfi, tana cewa, "Ina mai gudun mutane? Ko na ci miki bashin gaisuwa ne?" Muka jiyo dariya, daga baya muka jiyo kuka, sannan dariya kuma. Ni da mahaifin muna zaune a waje, ba mai cewa komai. Wannan shirun shi ne aiki mafi amfani da na yi a duk binciken.

Da ta fito ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe shi, ta tura masa goro. Na kasa kunne in ji yadda za ta ba da haƙuri a kan igiya. Ko sau ɗaya ba ta ambaci igiya ba, ba ta ambaci taro ba, ba ta ma ambaci lakol ba sai a ƙarshe. Ta ce, "Roƙo na zo yi. Na tsuhwa, da rana gidan ya yi mini hwaɗi. Ka ba ni ɗiyar ga ta riƙa sauka wurina in an tashe su, ta ci abin da na ci, ta kwanta ɗakina, in an buga ƙarhe ta koma. Ƙannenta ma na san gidajen da za su sauka."

Mahaifin ya ce, "Inna, gidan da yaron yake?"

Ta ce, "Nan hwa. A nan ne idona za ya ga su duka biyu. Wanda ya taɓa ta, ni ya taɓa, ko da ni na haifi ubanshi."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce sai ya yi shawara. A hanyar dawowa na ce wa Iya ina ganin ba mu yi nasara ba. Ta ce, "Ya karɓi goron ko bai karɓa ba?" Na ce ya karɓa. Ta ce, "To rufe mini baki."

Ranar kasuwa da sassafe muka taru a ƙofar makaranta, amalanken shanu na jira, 'yan jarrabawa sun sha wanka sun shafa mai. Darakta sai duba agogo yake yana gyara wuyan riga. Mai amalanke ya fara ƙorafin rana za ta yi. Ni dai idona na kan hanyar fadama har ya fara yaji. Darakta ya ce, "Ƙane, mu tahi, Allah bai nuhwa ba." Yana rufe baki sai ga ƙananan kawuna suna ɓullowa daga bayan tudu, ɗaya bayan ɗaya, su biyar, ita a gaba da farin kallabi. Ba ta dube ni ba, ta wuce ta gaida darakta ta hau amalanke. Na juya baya na yi kamar ina gyara sarƙar keke, don kada yara su ga babban mai bincike yana hawaye.

Na ƙara mako biyu a garin. Iya ta raba ƙananan huɗun a gidaje ba tare da an tara kowa ba, gida-gida ta bi da sandarta, kuma da wuya a ce wa tsohuwa a'a a kan saukar baƙo. Ɗanta ya yi ta cika yana batsewa na 'yan kwanaki, amma bai isa ya kori baƙuwar uwarsa ba. Jikan kuwa shi aka ɗora wa shimfiɗa mata tabarma da ɗebo ruwan da za ta sha, yana yi yana kumbure-kumbure. Ba zan ce muku ya koma son ta ba, ban ga zuciyarsa ba. Abin da na gani shi ne, wata rana wani yaro ya jefe ta da ƙwallon goruba a hanya, sai ga wannan ƙaton ya shaƙe shi yana cewa, "Baƙuwar gidanmu ce, ka sake ka gani!" Sai da darakta ya raba su, yana raba su yana danne dariya.

Daga nan na koma makarantun da na riga na wuce, wannan karon da tsakar rana, da gorar ruwana, ina zama a gindin itace. A wasu na tarar lafiya lau ne da gaske, a wasu kuwa na ga abin da ya sa na yayyaga "babu" ɗina. Ban sake tara gari ba. Tsohuwar da ta fi kowa baki nake nema a kowane ƙauye, in gaishe ta, in tambaye ta ina yaran nesa ke sauka.

Sakamako ya fito da damina. Darakta ya aiko mini da 'yar wasiƙa ta hannun wani direban tasha, layi biyu kacal: ta ci, kuma ita ce kan gaba a cikin nasa. Na karanta wa mahaifina, ya ce, "To, yau ka kawo magana." Amma labarin da ya fi taɓa ni sai bayan girbi na ji shi. A ƙasarmu in an kwashe hatsi, makiyayi kan zaɓi gonar mutumin da yake ganin girmansa ya saukar da shanunsa su kwana a ciki, su bar masa taki. Shekarar nan ba Bafulatanin da ya sauka a gonar kowa a garin, sai mahaifin yarinyar. Bai je ya yi wa kowa godiya ba, bai aika da saƙo ba. Da safe kawai aka tashi aka ga shanunsa kwance a gonar ɗan Iya, mutumin da ya ce abin wasan yara ne. An ce ɗan Iya ya daɗe a tsaye a bakin gonar, sannan ya koma gida ya ɗauko damin gero da kansa ya kai ruga.

Na yi aikin bincike shekaru da yawa bayan wannan, a wuraren da suka fi wancan ƙauye girma da rikici, kuma abin da na koya a can shi na riƙe. Wanda ake zalunta ba ya ɗaga hannu a gaban aji, sai ka je ka zauna inda yake zama a lokacin da kowa ya tafi. In kuma ka gano ciwonsa, ka tuna nasa ne, ba tutar da za ka ɗaga ba ce don a san ka yi aiki. Ka tambaye shi yadda yake so a taɓa wurin, ka kuma tambayi mutanen garin abin da suka saba yi wa baƙo, domin sau da yawa maganin yana hannunsu, mantawa kawai suka yi. Yarinyar nan ta roƙe ni abu ɗaya tak ban yi mata ba, kuma ban taɓa samun zarafin ba ta haƙuri ba. In wannan rubutu ya kai gare ta, to ga shi na bayar.